Imam Alƙarafi da Wasiƙar Bishop na Saida

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Borno ko a ƙasar Hausa, ya wuce Ishmawi da Iziyya ya shiga Risala da Muhtasar, da wuya sunan Alƙarafi bai taɓa shiga kunnensa ba. Idan mas'ala ta cije, sai malam ya jawo sharhi ya ce ga abin da Alƙarafi ya tafi a kai, magana ta mutu. Yawancinmu iyakar saninmu da shi ke nan. Ba kowa ya san cewa mutumin nan ya taɓa ƙera agogo da hannunsa ba, balle a san cewa ya zauna ya amsa wata tambaya da wani shugaban Kirista ya jefo wa Musulmi. Tambaya ce da har gobe ake jin irinta a ɗakunan kwanan ɗalibai idan hira ta yi nisa: shin adalci ne Allah ya aiko wa mutane annabi da littafi, sa'an nan ya kama su da laifin ƙin bin wani annabin da ya zo daga baya, a cikin wasu mutane, da wani harshe?

Asalinsa da Sunansa

Sunansa Ahmad ɗan Idrisu ɗan Abdurrahman, laƙabinsa Shihabuddin, alkunyarsa Abul Abbas. An haife shi a Masar a shekara ta 626 bayan Hijira, wato 1228 Miladiyya, kuma masu tarihi suna danganta shi da yankin Bahnasa da ke kudu da Alƙahira. Asalin gidansu daga ƙabilar Sanhaja ne, ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Barbar na arewa maso yammacin Afirka, dangin Abzinawa. Kada mai karatu ya rikita su da Barebarin Borno, suna ne kawai ya yi kama. Yana da kyau a riƙe wannan batu na asali, domin mutumin da zai tsaya ya nuna cewa saƙon Annabi (SAW) ba na Larabawa kaɗai ba ne, shi kansa kakanninsa ba da Larabci suka tashi ba.

Ƙarafa kuwa sunan babbar maƙabartar Alƙahira ne, wadda ke gindin dutsen Muƙaɗɗam, inda kabarin Imam Shafi'i yake, kuma mutane suna zaune a cikinta tun can. Ibn Farhun, mai littafin Dibaj na tarihin malaman Malikiyya, ya kawo labarin cewa magatakardan makaranta ne ya zo rubuta sunayen ɗalibai a ranar da Ahmad ba ya nan. Bai san sunansa ba, abin da ya sani shi ne yaron daga wajen Ƙarafa yake ɓullowa, sai ya rubuta Alƙarafi, suna ya bi shi. Shi da kansa ya bayyana a wani littafinsa cewa ɗan zama kaɗan ya yi a unguwar, ba shi da alaƙar jini da ƙabilar da wurin ya samo suna daga gare ta.

Zamanin da Ya Tashi

Ya tashi cikin zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, wato hare-haren da sarakunan Turai suka riƙa kawowa ƙasashen Sham da Masar da alamar gicciye. Shekara bakwai kafin haihuwarsa aka fitar da su daga garin Dimyaɗ na bakin teku. Yana jariri, a 1229, Sarki Alkamil ya miƙa Birnin Ƙudus ga Sarki Firedarik na 2 ta hanyar sulhu. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya, a 1249, Luwis na 9 Sarkin Faransa ya sake cin Dimyaɗ, kafin a karya rundunarsa a kama shi a 1250. A wannan shekarar ce kuma mulki ya fita daga gidan Salahuddin ya koma hannun Mamalik, bayin sarki da suka zama sarakuna. A 1258 Mongol suka rusa Bagadaza.

Amma Kiristan da Alƙarafi ya sani ba mahayan doki daga Turai ba ne kawai. A Masar akwai Ƙibɗawa, 'yan ƙasa, maƙwabta, da yawansu magatakarda ne a ofisoshin gwamnati. A daidai lokacin nan malamansu, irin 'ya'yan gidan Assal, suna ta wallafa littattafan addininsu da Larabci mai kyau, har suna mayar da martani ga littattafan Musulmi. Ke nan muhawara tana gudana da harshe ɗaya, kowa na iya karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Malamansa

Ya yi karatu wajen Ibn Hajib, babban malamin Malikiyya kuma gwanin nahawu, wanda ya rasu a 1249. Ya ɗauki ilimin hankali, wato manɗiƙ da kalam, wajen Husraushahi, almajirin Fahruddin Arrazi. Amma malamin da ya fi barin tambari a kansa Bashafi'e ne, Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ake kira Sarkin Malamai. Shi wannan ya baro Dimashƙa ne bayan ya soki sarkinta a kan mumbari saboda ƙawance da 'yan Salibiyya. Alƙarafi ya lizimce shi kusan shekara ashirin har ya rasu a 1262, kuma a wajensa ya koyi duban manufar hukunci da ƙa'idar da ke bayansa, maimakon haddar rassan mas'aloli kaɗai.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Masanin tarihi Maƙrizi ya ruwaito cewa a shekarun 640 na Hijira, wato wajen tsakiyar ƙarni na 13, alhazan Kanem sun ba Alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, tsohon birnin da ke jikin Alƙahira, kuma sun ci gaba da aiko mata da kuɗi. Wannan ya yi daidai da zamanin Mai Dunama Dabalemi. A Fusɗaɗ ɗin nan ne Alƙarafi ya zo ya koyar, a Masallacin Amru ɗan Asi da makarantar Ƙamhiyya, baya ga Salihiyya da ke cikin Alƙahira. Wato lokacin da yake ɗalibi, mutanen bakin Tafkin Chadi suna da makarantarsu a garin.

Ayyukansa

Littattafansa suna da yawa. Zahira a kan fiƙihu ya haura mujalladi goma a bugun zamani. Furuƙ ya tattara ƙa'idoji 548, yana jera su biyu-biyu yana nuna bambancin abubuwan da suka yi kama alhali hukuncinsu daban. A usulul fiƙhi yana da Tanƙihul Fusul da sharhinsa, da Nafa'isul Usul. A littafin Ihkam ya rarrabe fatawa da hukuncin alƙali da umarnin shugaba, a lokacin da babban alƙali Bashafi'e yake ƙin zartar da hukuncin sauran mazhabobi, rigimar da ta sa Sarki Baibaras ya naɗa manyan alƙalai huɗu a 1265, kowace mazhaba da nata. Shi ne kuma ya dage cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana canjawa idan al'adar ta canja, kuma bai kamata mufti ya ba baƙo fatawa da al'adar garinsa ba, sai ya tambaye shi yadda ake yi a nasu garin.

Ga shi kuma da son ƙere-ƙere. Ya ba da labari a Nafa'is cewa ya ji an yi wa Sarki Alkamil wata ma'ajiyar kyandir mai nuna sa'o'in dare, sai shi ma ya yi irinta, ya ƙara mata zaki wanda idanunsa ke sauya launi duk sa'a, daga baƙi zuwa fari zuwa ja. Idan alfijir ya keto, sai wani mutum-mutumi ya fito a sama da yatsa a kunne kamar ladan. Ya ce abin da ya gagare shi kawai shi ne sa shi ya yi magana. Yana da littafi kuma a kan gani da haske, wanda a ciki ya taɓo wasu tambayoyin da Firedarik ya aiko wa malaman Musulmi.

Wasiƙar Bishop

Wajen shekara ta 1200, wani Bulus mutumin Antakiya, bishop na garin Saida da ke Labanon ta yau, ya rubuta wata gajeriyar wasiƙa da Larabci zuwa ga wani abokinsa Musulmi. Ba zagi a cikinta, kuma wannan ne ya sa ta fi haɗari a idon malamai. Ya ce ya zaga ƙasashen Rum da Turai ya gana da masana da suka karanta Alƙur'ani, ya tambaye su abin da ya hana su bin Annabi Muhammadu (SAW), shi ne yake kawo amsarsu.

Hujjarsu daga Alƙur'ani suka ciro ta. Suka ce littafin da kansa ya kira kansa na Larabci, ya ce ba a aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa, ya kuma ce an aiko wannan manzo ya gargaɗi mutanen da ba su taɓa samun mai gargaɗi ba. Su kuwa sun riga sun samu manzanni da suka kawo musu Attaura da Linjila da harsunansu. Tun da Allah mai adalci ne, in ji su, ba zai tuhumi wata al'umma ranar ƙiyama a kan ƙin bin mutumin da bai zo musu ba, ba su kuma ga littafinsa da harshensu ba. Ayar Ali Imrana da ta ce ba za a karɓi wani addini ba bayan Musulunci, suka ce da Larabawan jahiliyya take. Daga ƙarshe Bulus ya raba shari'a gida biyu. Akwai shari'ar adalci, wadda Allah ya aiko Annabi Musa (AS) da ita, akwai kuma shari'ar falala, wadda ta zo da Almasihu, ita ce cikar kamala. Bayan kamala kuwa babu abin da ya rage da wani annabi zai kawo.

Wasiƙar ta faɗo hannun Alƙarafi, ya amsa ta a littafinsa Al'ajwibatul Fahira, ba tare da ya ambaci sunan mai ita ba. Babi huɗu ne. Na farko raddin wasiƙar ne gaɓa-gaɓa. Na biyu amsar wasu tambayoyi ne da Yahudu da Kirista suka saba yi wa Musulmi. A na uku shi ne ya juya ya jera musu tambayoyi sama da ɗari. Na huɗu nassoshi ne kimanin hamsin daga littattafansu da yake ganin bushara ce da Annabi (SAW).

Babi na farko ya fi jan hankalina, domin a nan ne aka ga ɗan usulu yana aiki. Asalin maganar Bulus, cewa Allah ba ya kama wanda saƙo bai iso masa ba, ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, Suratul Isra'i ta riga ta tabbatar da ita. Gardamar tana kan me ake nufi da isowar saƙo. Alƙarafi ya ce a duba lafazin ayar Suratu Ibrahim da kyau. Cewa an aiko manzo da harshen mutanensa daban, cewa an aiko shi ga mutanensa kaɗai daban. Na farko aka faɗa, ba na biyu ba. Hikimar kuwa a fili take: manzo ya fahimci abin da aka saukar masa, na kusa da shi su fahimta sarai, hujja ta tsayu a kansu, sa'an nan su kai wa na nesa. Haka kuma ambaton wasu mutane a wata aya ba ya kore wasu, kamar yadda umarnin ya gargaɗi danginsa na kusa bai sa ya zama annabin danginsa kaɗai ba.

Sai ya juya hujjar a kan masu ita. Attaura da Ibrananci ta sauka. Kiristan duniya suna riƙe da ita, alhali ba su san Ibrananci ba sai ta hanyar koyo, kamar dai yadda Barume zai koyi Larabci. Ƙibɗawa da Habashawa ma ta fassara suka san littattafan nan. Idan bambancin harshe yana sauke wa mutum nauyin bin annabi, to su ne farkon waɗanda suka yi kuskure. Ya ƙara da cewa wanda ya yarda Muhammadu (SAW) annabi ne ga Larabawa ya riga ya ɗaure kansa, domin annabi ba ya ƙarya, shi kuwa ya faɗa cewa ga dukkan mutane aka aiko shi, ya kuma kira waɗanda ba Larabawa ba.

Mu da muke nan mun fi kowa gane wannan magana. Ni Hausa ma koyonta na yi, balle Larabci. A Borno malamai sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna rubuta fassara a tsakanin layukan Alƙur'ani da tsohon harshen Kanembu, ɗaya daga cikin waɗannan kwafe yana ɗauke da kwanan wata na 1669, kuma har yau malamai suna fassara da Tarjumo. Fassarar Hausa ta Shehu Abubakar Gumi ta fito a 1979. Maƙwabtanmu Kirista na Bura da Margi su ma ta hannun masu fassara Linjila ta iso musu, tun da mishan suka sauka Garkiɗa a 1923, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Da za a yi aiki da hujjar Bulus a Maiduguri, da masallaci da coci duk sai a rufe.

A kan raba shari'a gida biyu, amsarsa ta fi zurfi. Ya ƙi yarda cewa shari'ar Annabi Musa (AS) adalci ce zalla. Ya ce akwai falala a cikinta, kuma da wuya a samu adalci tsantsa a duniyar nan. Adalci ba gauraye 'yan wuta kaɗai ke gamuwa da shi, falala ba gauraye kuma rabon 'yan aljanna ce. Ma'ana, Allah bai ba wani annabi bulala ya ba wani zuma ba. Ya kuma yi nuni da cewa Linjila wa'azi ne da kwaɗaitarwa ya fi yawa a cikinta, ba tsarin hukunci ba, don haka ba za a ce ta rufe ƙofar wata shari'a ba.

Gaskiya ita ce waɗannan amsoshi ba su kashe bakin zaren ba. Kirista zai ce almajiran Almasihu an ba su baiwar magana da harsuna, don haka nasu ba fassara ba ce irin ta kowa. Hujjar cewa annabi ba ya ƙarya kuma tana cin wanda ya yarda da annabcin ne, ko da rabi, wanda bai yarda ba sam ba ta taɓa shi. Abin da Alƙarafi ya yi nasara a kai shi ne toshe ƙofar da Bulus ya so shiga ta cikinta, wato a yi amfani da Alƙur'ani a nuna cewa Alƙur'ani bai shafi Kirista ba.

Kaifin Harshe da Haƙƙin Maƙwabci

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, littafin yana da zafi. Tun daga sunansa ya kira tambayoyin na fajirci, a ciki kuma ya sha jifan abokan gardamarsa da jahilci da wauta. Bulus ya zo da murmushi, shi ya tare shi da sanda. Bugu da ƙari, masu bincike sun nuna cewa yawancin nassoshin Attaura da Linjila da ya kawo daga littattafan Musulmin da suka gabace shi ya ɗauko su, irin su Ja'afari na Masar da Ƙurɗubi na Andalus. Ana iya yi masa uzuri da zamanin yaƙi, amma a ganina zagin bai ƙara wa hujjojin komai ba, ya dai rage masu sauraro.

Sai dai mutumin nan da ya zafafa a takarda, shi ne a Furuƙ ya ware babi a kan 'yan amana, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin mulkin Musulmi. Ya rarrabe jiɓintarsu a addini, wanda ya hana, da kyautata musu, wanda ya ce an yi umarni da shi. Ya lissafa tausasa wa mai rauninsu, ciyar da mai yunwa, tufatar da marar sutura, magana mai laushi, haƙuri da cutarwar maƙwabci, tsare dukiyarsu da iyalinsu da mutuncinsu, da taya su ture zalunci. Ya ce wanda ya cuce su ko da da mummunar kalma ko gulma, ya tozarta alkawarin Allah da na Manzonsa. Gaskiya ne a wannan babi ya riƙe sharuɗɗan zamaninsa da ke ajiye su ƙasa da Musulmi, abin da ba ya cikin tsarin ƙasar da kowa ɗan ƙasa ne. Duk da haka a wajensa kayar da hujjar mutum abu ne daban, taɓa jininsa ko ɗakin ibadarsa abu ne daban. Wanda ya san abin da ya faru a garin nan ranar 18 ga Fabrairu, 2006, lokacin da zanga-zangar zanen ɓatanci na Danmak ta rikiɗe aka ƙona coci-coci aka kashe mutanen da ba su ji ba su gani ba, da abin da ya biyo baya daga 2009 wanda bai bar masallaci ba bai bar coci ba, ya san cewa wannan rarrabewa ba ƙaramin abu ba ce.

Rasuwarsa

Ya rasu a Dairuɗ Ɗin, kusa da Fusɗaɗ, a watan Jimada Sani na shekara ta 684, wato 1285, bisa ruwayar Ibn Farhun, wasu kuma sun ce 682. Bai kai shekara sittin ba. An binne shi a Ƙarafa.

Wasiƙar Bulus ba ta mutu da shi ba. Wani Kirista a tsibirin Kubrus ya sake mata fasali, ya ƙara mata ayoyi, aka aika wa Ibn Taimiyya a 1316, aka kuma aika wa Ibn Abi Ɗalib na Dimashƙa a 1321. Dukkansu sun amsa. Amsar Ibn Taimiyya ita ce babban littafin nan Aljawabus Sahih, inda ya ce shari'o'i uku ne ba biyu ba, ta ukun ita ce wadda ta haɗa adalci da falala.

A ƙasashenmu fiƙihun Alƙarafi ne ya yi tafiya, ba littafin muhawararsa ba. Masu sharhin Muhtasar sun cika littattafansu da sunansa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun sha kafa hujja da maganarsa. Ajwiba kuwa an buga shi a Alƙahira a 1904 a gefen shafukan wani littafi, daga baya aka yi masa bugu na kansa. Cikakken nazari a kansa da Turanci ya fito a 2015, daga alƙalamin Diego Sarrió Cucarella, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Sifen.